Kekuna huɗu a bayan mota: lissafi kafin saye

Duk mai shirin sayen abin ɗaukar kekuna, irin wanda ake ɗorawa kan ƙwallon jan tirela, ya fara durƙusawa ya leƙa ƙarƙashin motarsa. Akwai ɗan faranti a jikin ƙarfen ja, an buga harafin S da lamba a gefensa. Lambar nan ita ce iyakar nauyin da ƙwallon zai ɗauka daga sama. A yawancin motocin gida tana tsakanin kilo 50 da 100. Tawa 75 ce.

Mu huɗu ne masu fita da kekunan hawan tudu ranar Lahadi, ni da ƙannena biyu da wani maƙwabci, wata rana bakin tafkin Madarunfa, wata rana gefen gulbi wajen Tibiri. Keke ɗaya kilo 14 ne ko 15, huɗu sun tasam ma 60 ke nan. Shi kansa ƙarfen mai gurbi huɗu yana kai kilo 20, kuma nauyinsa na cikin lissafi, abin da mai talla ba ya saurin faɗa. Jimilla 80, ta haura 75. Sai na ɗauki mai gurbi uku, na huɗun mu cire masa tayar gaba ya kwanta a cikin mota. Mai keken lantarki kuwa, wanda ɗaya ke wuce kilo 20, biyu ma sun ishe shi.

Iri biyu ne a kasuwa. Akwai na rataye, mai arha, amma ƙarfen saman keken tudu a karkace yake, ba ya zama daidai, kuma a hanyar jar ƙasa mai gargada kekunan sai su dinga dukan juna kamar tukwane a amalanke. Na zaɓi mai shimfiɗa: kowane keke tayoyinsa na zaune a layinsa, a ɗaure su da maɗauri, hannu guda ya riƙe jikinsa. Nan ma a duba tazarar da ke tsakanin layi da layi, don kan keken tudu na yanzu faɗinsa ya kusa santimita 80. Mukan juya ɗaya ya kalli gabas, na kusa da shi yamma, mu sauke sirdi, sannan su zauna lafiya. A gwada maɗaurin a kan taya mai inci 29 kafin a biya kuɗi. Wani gajere ne, an yi shi don siririn keken kwalta.

Motar da ta fito daga Turai ƙwallonta milimita 50 ne, shi abin ɗaukar keke na kamfanin Thule da ire-irensa suke kamawa. Ta Amurka yawanci rami ne mai kusurwa huɗu, nata abin daban. Bakanikena da ya ji farashi sai ya riƙe baki: "Haba Alhaji, kawo ƙarfe mai walda ya haɗa maka, ko rabin wannan ba za ka kashe ba." Masu waldarmu gwanaye ne, amma ba su da inda za su auna abin da ɗinkin zai jure a kan gudu, ni kuma akwai mai babur a bayana.

Shi dai bakaniken ne ya lafta wa ƙwallon giris, don abin da ya saba yi ke nan in za a ja tirela. Abin ɗaukar keke kuwa busasshen ƙwallo yake so, in da maiƙo sai ya dinga juyawa. Da fetur da tsumma muka goge shi tas.

Kekuna na rufe fitilun baya da lambar mota, don haka a nemi mai fitilunsa da wurin maƙala lamba, in ba haka ba kai da jandarmomi. Soket ɗin wuta akwai mai haƙori 7, akwai mai 13, ana samun mahaɗi tsakaninsu. Abin ɗaukar da ke kwantawa baya, a buɗe but ba tare da sauke kekuna ba, ya cancanci ƙarin kuɗinsa.

Mota ta ƙara tsawo kusan mita guda, saboda haka a gangaren korama da tudun rage gudu a hankali nake bi, a ɗan karkace, kada gindin ya daki ƙasa. Bayan an bar kwalta nakan tsaya in sake ja maɗaurai, don girgiza na sassauta su. Ƙura kuma duk a bayan mota take taruwa, sai an goge sarƙa an ɗiga mata mai kafin a hau.