Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Motar da ta ƙi amsa totur

A makon jiya na tsaya ne a inda maigidana ya ɗauke ni daga kwance inji ya mayar da ni ɓangaren wayarin. A wannan zangon na fara sanin totur na lantarki, aikin da har gobe nake ji da shi.

Mu da muka taso cikin tsofaffin motoci, kebul muka sani: ka taka, kebul ya ja faifan da ke maƙogwaron inji, iska ta shiga. A sabon tsari babu kebul, ƙafarka saƙo kawai take aikawa. A jikin abin takawa akwai sensa biyu da ke gaya wa kwamfutar mota iya takun da ka yi, ita kuma ta tura wuta zuwa wani ɗan moto da ke cikin totur bodi, wato gidan da faifan ke zaune a ciki, ya juya faifan ta hanyar ƙananan haƙoran giya. A can ma akwai wasu sensa biyu da ke ba da rahoton inda faifan ya tsaya. Tun ƙarshen shekarun 1980 kamfanin BMW ya fara sa wannan tsari a manyan motocinsa, yau kuwa da wuya ka ga sabuwar mota mai kebul.

Wata rana wani dattijo ya kawo motarsa ransa a ɓace. Fitilar cek, mai nuna matsalar inji, a kunne, ko ya danne totur har ƙasa motar sai tafiyar hawainiya. In ya kashe ya sake tayarwa sai ta warware, da ta faɗa rami kuma sai ta koma. An riga an canja masa totur bodi a wani wuri, amma ba ta sake zani ba.

Na jona na'urar bincike, ta fito da lambar P2135.

Maigida ya ce, "Me ta ce maka?"

Na ce, "Oga, cewa ta yi karatun sensa biyun nan na totur bodi bai zo daidai da juna ba."

"Ta ce maka sun mutu?"

"A'a, ba ta ce ba."

"To ɗauko mita."

Muka fara da wutar da kwamfuta ke ba sensa, bolt 5 cif, tana nan. Wayar da ke komawa jikin mota ma lafiya lau. Sai ya sa ni in taka totur a hankali, inji a kashe, makulli a buɗe, shi yana kallon allo. A wannan motar, karatun sensa ɗaya na hawa daga wajen bolt 0.5 zuwa kusa da 4.5, ɗayan yana sauka. Duka sun tafi sumul. Daga nan ya kama wayoyin da ke bakin soket ya ɗan girgiza su. Nan take karatun ɗaya ya faɗi. Da muka zare soket ɗin, sai ga bakin waya ɗaya ya yi kore shar da tsatsa, ya kuma saki, ba ya riƙe ƙarfen da ke shiga cikinsa. Shi kaɗai muka canja, muka goge lambar. Dattijon ya zagaya da motar ya dawo yana ta sa mana albarka.

Mutane kan ji haushin wannan rarrafen da mota ke yi, ni kuwa ina ganin hikimarsa. Da zarar kwamfuta ta ga rahoton biyu ya saɓa, ba ta yarda da ko ɗaya ba. Sai ta yanke wa moton wuta, sifirin ya mayar da faifan wani matsayi da yake ɗan buɗe kaɗan, yadda za ka iya gangarawa gefen hanya. Gara hakan da a ce mota ta ɗauki gudu da kanta.

Mafi yawan waɗanda suka zo mana daga baya ma datti ne matsalarsu. Tururin mai da ke dawowa daga cikin inji yana barin baƙin danƙo a gefen faifan, sai silo, wato juyin inji idan ba a taka totur ba, ya riƙa rawa, mota ta mutu a duk inda aka tsaya. Maigida bai taɓa yarda a yi wa totur bodi ambaliyar feshi ba, don ruwan yana bin sandar faifan ya shiga wajen moto da sensa. A tsumma ake fesawa a goge. Kuma sai an zare soket tukuna, domin in makulli na buɗe, faifan nan na iya datse maka yatsa. Bayan wanki dole a sake koya wa kwamfuta matsayin silo, saboda ta riga ta saba da dattin. In ba haka ba silo ya hau sama, lambar P0507 ta fito. Batir mai rauni ma yana haifar da lambobin ƙarya, shi ya sa muke duba shi da wuri.

Canjin totur bodi yana zuwa ne in haƙoran giya sun cinye, ko sensa na tsalle alhali wayoyi lafiya, ko faifan ya ci gaba da maƙalewa bayan wanki.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin ranar da maigida ya fara barin gareji a hannuna.