Gyaran tsohuwar gadar ƙarfe: aikin yana gindin mahaɗa

Sana'armu gyaran tsofaffin gadojin ƙarfe ce, masu sanduna a gicciye, waɗanda mota da jirgin ƙasa suka daina bi aka bar wa masu tafiya a ƙafa da masu keke. Da yawansu ƙirar Pratt ce ta 1844 ko ta Warren ta 1848, sunayen waɗanda suka ƙirƙiro salon jera sandunan ke nan. Masu kula da su sukan ce ai gadar ta huta. Ina fa! A ƙa'idar Turai, ana lissafa wa irin wannan gada nauyin jama'a kusan kilo 500 a kowace murabba'in mita.

Ta ƙasa muke farawa, inda ganyaye da laka ke taruwa su riƙe ruwa. Tsatsa tana shiga tsakanin faranti biyu da aka haɗa, ta kumbura, ta lanƙwasa ƙarfen har kan ƙusa ya tsinke, wato ƙusar ribit mai kai biyu da ke riƙe farantan. Kowace ƙusa sai an ƙwanƙwasa ta da guduma. Mai lafiya tana amsawa da ƙara, wadda ta saki kuwa sai ka ji ta dusashe. Mu cire ta, mu gasa sabuwa har ta yi ja, kusan digiri 1000 a ma'aunin Celsius, a cusa, mutum ɗaya ya tokare ta baya, ɗaya ya daddake kai. Tana hucewa take matse farantan.

Idan gadar mai fil ce da sanduna masu ido, wato masu rami a ƙarshe inda fil ɗin ke shiga ya haɗa su, ramin idon muke bincika da na'urar gano tsaga. Tsaga ɗaya a irin wannan ido ce ta rusa gadar Silver a kogin Ohio a 1967, mutum 46 suka rasu.

Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne masu aikin araha. Su kankare sama-sama, su shafa fenti a kan tsatsa, ko su kama tsohon ƙarfen maƙera da walda, alhali cikinsa sala-sala ne, zafi na iya ɓare shi. Tsohon fentin ma yawanci da dalma, dole a lulluɓe gadar kafin feshin yashin da ke kankare tsatsa da fenti, kada ƙurar ta faɗa kogi. Mu shafi uku muke yi, na farko mai tutiya, a ranar da aka kankare ƙarfen da yashi.

Katakon daɓe a gicciye muke jera shi, don tayar keke kada ta faɗa tsakani, makarin gefe kuma mu ɗaga shi zuwa mita 1.4.