Abin da Ruwan Zartsi Ya Koya Mini a Aikin Jakuzi

Duk wanda ya tashi a Sakkwato ya san ruwan zartsi tun kafin ya ji sunan kalsiyam a makaranta. Shi ne ruwan da sabulu ke ƙin kumfa a cikinsa, mai sa wake ya daɗe bisa wuta bai nuna ba, mai barin farin ɓawo a gindin butar mai shayi. Iyayenmu mata sun san rijiyar da ake ɗebo na wanki da wadda ake ɗebo na sha, ba tare da wani awo ba. Sai da sana'ar falamba ta kai ni gidajen masu hali da otel-otel na ga irin ɓarnar da ruwan nan yake yi idan an tsare shi wuri ɗaya, an ɗumama shi, ana kuma hura masa iska. Abubuwan nan uku kuwa su ne aikin jakuzi, wato babban bahon nan mai ruwan zafi da bakunan feshi da ake shigo da shi daga Dubai ko Chana.

Kiran da ake yi mini kusan iri ɗaya ne: inji ya lalace. Ko ruwa ya daina zafi, ko hita tana ta katse wuta, ko bakunan feshi sun ƙi juyawa, ko jikin bahon ya yi kaushi yana kartar fata. Idan na kwance bututun hita na zaro ƙarfen da ke ɗumama ruwan, sai in tarar farin dutse ya lulluɓe shi, kaurin ɓawon ƙwai, wani wurin ma ya fi. Ka ƙwanƙwasa da sukudireba ya ɓalle ɓaro-ɓaro, a ƙarƙashinsa ƙarfen ya yi baƙi ya kumbura. Zafin da ya kamata ya shiga ruwa ya rasa hanyar fita, ya koma kan ƙarfen har ya ƙone shi. Kafin ya ƙone kuwa ya riga ya ci kuɗin wuta da man janareta, don hitar jakuzi yawanci kilowat 3 ce, kuma mai ɓawo takan daɗe a kunne kafin ruwa ya ɗauki zafi. Ka sa sabon ƙarfe ka karɓi kuɗinka ka tafi, in dai ruwan bai canza ba za a sake kiranka, wannan karon kuma da kai za a yi faɗa.

Abin ba na mamaki ba ne ga wanda ya tuna kan me garin yake zaune. Farin dutsen nan mai kalsiyam da ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti da shi tun shekarun 1960 bai tsaya a Kalambaina ba, shimfiɗa ce mai faɗi a ƙarƙashin wannan yankin. Ruwan sama yana sauka da ɗan tsami saboda iskar kabon da ya kwaso, sai ya dinga lasar dutsen yana narkar da shi kaɗan-kaɗan har ya taru inda rijiya ko burtsatse za ta same shi. Akwai kuma wani dutse mai laushi da ake kira jifsam a ƙasar wajen Dange, shi ma kalsiyam ne. Shi ya sa za ka ga gida biyu katanga ɗaya ta raba su, amma ruwansu ya bambanta: wannan burtsatsensa ya tsaya a cikin farin dutse, wancan ya zarce ya kai yashi. Ruwan famfo na gwamnati, da yake na kogi ne, a yawancin awon da na yi ya fi sauƙi, sai dai masu jakuzi kusan dukansu da burtsatse suke dogaro.

Akwai abin da ya saɓa wa hankalin mutum a nan. Sukari da gishiri sun fi narkewa a ruwan zafi, amma wannan dutsen akasin haka ne, ruwa na ƙara zafi yana fita daga cikinsa yana neman wurin kamawa, kuma wurin da ya fi zafi a duk injin shi ne jikin hita. Ga kuma feshi. Kumfar iskar nan da Alhaji yake jin daɗinta a bayansa tana korar iskar kabon daga ruwan, tsamin da ke riƙe da dutsen a narke ya ragu, ma'aunin pH, wato awon tsamin ruwa da ke hawa idan tsami ya ragu, ya hau. Da ya wuce 7.8 ruwan zai fara hazo.

To, yanzu kafin in taɓa sifana nakan auna ruwa, na cikin bahon da na burtsatsen gidan. 'Yar takardar gwaji da ake tsomawa tana ba da haske, amma na ɗigo-ɗigo ya fi gaskiya. Abin da ake nema sananne ne a wannan sana'a: pH tsakanin 7.2 da 7.8, alkali, wato sinadarin da ke kashe tsami a ruwa, miligiram 80 zuwa 120 a kowace lita, kalsiyam 150 zuwa 250, zafi kuma kada ya wuce digiri 40. Cire kalsiyam daga ruwa aiki ne mai tsada, amma riƙe pH yana hannun kowa. Ruwa mai kalsiyam da yawa yana iya zama garau idan an sauko da alkali tukuna da garin asid na musamman da ake sayarwa don wuraren ninƙaya, sannan aka tsare pH wajen 7.2 zuwa 7.4. Wanda ya bi pH kawai ya bar alkali a sama, yau ya sauke, gobe ya dawo inda yake. Nakan kuma koya wa yaran gida su rufe mashigar iska idan babu kowa a ciki, su rage zafi idan maigida ya yi tafiya.

Maganin kashe ƙwayoyin cuta ma yana da nasa tarko. Farin garin kulorin da ya fi yawa a kasuwa, wanda ake zubawa a manyan wuraren ninƙaya, da kalsiyam aka haɗa shi, yana kuma ɗaga pH. Kowane cokali da aka zuba a jakuzi ƙarin dutse ne a ruwan da ya riga ya ƙoshi. Wanda ya dace shi ne mai sodiyam, ana rubuta daikulo a jikin robarsa da rubutun Turanci, ya fi tsada kuma ba kowane shago ba. Wani maigadi ya taɓa ce mini, "Ɗana, ku zuba alif mana, ai shi ka gyara ruwa." Baba yana da gaskiya idan ruwan kogi ne mai laka. Alif laka yake kwantarwa, abin da ya narke a ruwa ba ya taɓa shi.

Inda aikin ya fi wuya ba a wajen inji ba ne, wajen shawo kan mai gida ne ya yarda a zubar da ruwa. Jakuzi a Sakkwato kayan hunturu ne, Disamba da Janairu ake shigarsa sosai, don a watan Afrilu da rana ke haura digiri 40 ruwan tankin kan rufi ma ya ishi mutum zafi. Hunturu kuwa iskarsa busasshiya ce, ruwan zafi a buɗe tashi yake yi da sauri. Ruwa ne kaɗai ke tashi, kalsiyam yana nan a baho. Yaro ya ga ruwa ya ragu, ya jawo tiyo ya cike da na burtsatse, ya ƙara wani kalsiyam a kan na da. Haka za a yi ta yi, ido yana ganin ruwa tas, awo kuwa yana hawa kowane mako. Littafin da ke zuwa da injin yakan ce a canza ruwa bayan wata 3 ko 4, amma da ruwan zartsi da iskar hunturu ni ba na jiran hakan, awo nake bi.

Baho na iyali yana cin wajen lita 1,500, jarka 60 ke nan ta 'yan ga-ruwa. A garin da mutane ke bin layi don jarka biyu, ni kaina ba na jin daɗin buɗe magudanar. Wani Alhaji ya dube ni ya ce, "Yanzu ruwan ga garai-garai za ka zubar? Mi yas same shi?" Na ce, "Allah shi daɗe da ranka, a ba ni faranti biyu." Na zuba ruwan bahon a ɗaya, sabon ruwan burtsatse a ɗaya, daidai wa daida, na ajiye su a rana. Da la'asar duka sun bushe. Na burtsatse ya bar ɗan farin zobe a gefe, na bahon kuwa gindinsa ya yi fari fat, ka goga yatsa ka ji gari. Bai sake cewa komai ba, ya ɗaga wa yaro hannu ya buɗe. Tun daga nan da faranti nake bayani, lambobi na bar wa littafina.

Wankin ɓawon kansa ba shi da wani sirri. Nakan ɓalli ɗan guntu in matsa masa lemun tsami. Idan ya yi kumfa yana shuu, farin dutse ne, binega ko garin asid na sitirik da aka dama a ruwan ɗumi zai narkar da shi. Idan bai motsa ba, jifsam ne ko yashi, sai an kankare da haƙuri ko a canza kayan. Bakunan feshi a cire su a jiƙa su kwana. Filta kuma a fara wanke maiƙonta kafin a sa ta a tsami, don lokacin hunturu kowa da basilin ko man kaɗanya a jiki yake shiga ruwa, kuma tsami a kan maiƙo daskarar da shi yake yi a cikin zaren filtar. Soson ƙarfe ba ya taɓa jikin baho, domin kowane karce mazaunin sabon ɓawo ne. Ruwan batir da wasu ke ɗebowa daga wajen kanikawa yana cin roba da ƙarfe da fatar hannu. Abu ɗaya da nake ɗaga wa yarana murya a kansa shi ne kada asid da kulorin su haɗu a bokiti ɗaya, ko a ajiye su kusa da juna a sito, iskar da ke tashi tana iya kashe mutum. Asid kuma shi ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba masa ruwa.

Masu kuɗi sukan tambayi injin tausasa ruwa, mai amfani da gishiri yana musanya kalsiyam da sodiyam. Yana aiki, kuma yana ceton hitar banɗaki da kan shawa na duk gidan. Amma ba a cika jakuzi da ruwansa zalla, don ruwan da babu kalsiyam ko kaɗan kumfa yake yi, yana kuma cin ƙarfen hita. Gauraya ake yi da na burtsatse har awo ya faɗo tsakanin 150 da 250. Wanda ba shi da injin, ruwan saman da aka tara a tanki da damina, aka tace shi, yana yin wannan aikin na sirki.

Ruwan da za a zubar kuma ba kwata nake sakinsa ba. Nakan sa a daina zuba kulorin, a buɗe murfi kwana biyu ko uku ya sha iska, in awo ya nuna maganin ya fita sai a ja tiyo a wanke tsakar gida da shi, saura a kai gindin dogon yaro. Furannin Hajiya na cikin tukwane dai ba a ba su, gishirin da ya taru a ruwan yana ƙona musu ganye.