Asabar, gidan suna

Yau tun safe muna gidan Yaya wajen suna, aiki kam mun sha shi, waina da miyar taushe da dambu, ga zoɓo an cika robobi. Ƙanwata ta iso bayan azahar da 'yar kularta, kowa ya ɗauka gudummawa ce ashe abincinta ne ita kaɗai, dafaffen kabeji da kokwamba da ƙwai, ba mai ba gishiri. Umma ta zuba mata waina ta ce haba Umma da man gyaɗa fa aka soya, ta tambaya ko an sa magi a miyar, aka ce to da me za a yi miyar taro, ta ture kwanon. Zoɓon ma ko kurɓa, wai suga.

Abin da ya fi ci min rai yadda matan ɗakin suka dinga zuga ta, "wallahi kin iya kame baki", "ki koya mana mana", wata Anti har da cewa ji cikinta kamar ba ta taɓa haihuwa ba. Ni kuwa na san inda abin ya faro. Bayan ta haihu ne aka sa ta gaba, kin zama uwar mata, tumbi ya fito, mijin ma yana yi da sunan wasa, tun daga nan ta daina shiga hoto, atamfa sai ta ce wa tela ya sake ta sosai. Ta fara barin tuwon dare, sai shinkafa, sai burodi, sai jan nama, yanzu har fura da nono ta shiga sahun haramtattu. Kuma ba ta taɓa cewa jikina ne ba na so ba, kullum maganarta lafiya nake nema, to wa zai hana mutum neman lafiya? Da cewa ta yi ba za ta ci komai ba da tuni an taru a kanta, amma tunda ganye take ci sai tafi ake mata.

Wani likita ɗan Amurka, Steven Bratman, shi ya sa wa wannan hali suna orthorexia a 1997, wato tsananin damuwa da cewa sai abinci mai ƙara lafiya kawai za a ci har ta hana mutum sakat. Har yau ba a sa ta a jerin cututtukan da likitocin ƙwaƙwalwa ke aiki da shi a matsayin cuta mai zaman kanta ba, amma ana ta bincike a kai, a 2017 ma wani bincike daga jami'ar UCL ta Landan ya ga masu yawan hawa Instagram sun fi nuna alamunta. Ƙanwata kuwa wayarta cike take da masu shayin rage tumbi da hotunan da da yanzu.

Wani abin haushin, Antin nan mai yabo ita ce da can take nemo wa amare sha ka fashe don su ciko kafin biki. An dai canja awo ne kawai.

Ni ban ce a dinga ɗirkar mai da suga ba, Hukumar Lafiya ta Duniya ma cewa ta yi gishiri kada ya kai giram 5 a rana, ba ta ce a ƙaurace masa kwata-kwata ba. Amma mai shayarwa fa ce, ita ce ma ya kamata ta ƙara ci, ga jiri tana miƙewa sai ta dafa bango, gashi na zuba, ga saurin fushi da ba halinta ba.

Da magariba na tarar da ita a kicin tana kuka wai ta ci waina ɗaya ta ɓata duk wahalar satin. Na ce ke tsakaninki da Allah lafiyar ce ke sa ki kuka ko madubin? Ba ta ce komai ba, amma ta yarda Litinin mu je asibiti a duba jininta mu ga masu ba da shawara kan abinci. Gobe in Allah ya kai mu mijin zan kira, don da bakinsa a ciki.