Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Fom ɗin ɗan sandan sa kai

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wancan satin na tsaya ne a daren da yarinyar maƙwabcinmu ta ɓata, yadda muka kwana muna zagaye da fitilar waya har Allah yasa aka ganta gab da asuba. To abinda ban gaya muku ba shine mutumin da ya tsaya damu tun farko har ƙarshe, wanda ya raba mu kashi huɗu yace ku bi nan ku kuma ku bi can, ya rubuta kalar kayan jikinta a ɗan littafinsa, ni duk a zatona cikakken ɗan sanda ne mai albashi tunda ga yunifom ga rediyo a kafaɗa. Sai da komai ya lafa ina masa godiya yake cemin shi fa ƙarfe bakwai zai shiga aikinsa na asali, direba ne, wannan ɗin sa kai yake yi ko sisi ba'a biyansa.

Maganar nan ta zauna min a rai sosai. Ni malamin makaranta ne, Asabar da Lahadi a hannuna suke, kuma gaskiya na daɗe ina cikin masu zama ana zagin 'yan sanda ana cewa basa zuwa sai komai ya ƙare, amma ban taɓa tambayar kaina ni me na taɓa yi ba. Bayan sati uku na shirya naje caji ofis, wata sajan a kanta ta saurare ni tsaf sannan ta nuna min inda zan sauke fom a intanet, tace malam ka karanta shi sau biyu kafin ka sa biro.

Kafin ma in taɓa fom ɗin sai da na fara da Umma, don nasan nan ne za'a yi ta. Tana jin bayanina ta ajiye abinda ke hannunta tace "Yanzu kai da aikinka da mutuncinka zaka je ka kwaso bakin jini, kuma ba albashi? Wa ya taɓa yin haka?" Nace Umma ai abin ba yau aka fara ba. Dama na kwana biyu ina karatu akai saboda ita, sai na shiga zayyano mata, nace a Ingila tun 1831 akwai dokarsu, kuma can ɗan sandan sa kai ikonsa na kama mai laifi ɗaya ne da na mai albashi, abinda ake nema a wajensa kamar awa 16 ne a wata, sai dai a mayar masa da kuɗin mota. A Singafo tun 1946 suke dasu. A birnin Niyok na Amurka kuma basa riƙe bindiga, sintiri suke yi su zama ido da kunnen 'yan sanda. Ko a Najeriya Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta tanadi kwanstabul na musamman. Ta barni na gama kaf sannan tace "Duk naji, su waɗancan ba ni na haife su ba." Bata ce eh ba, bata kuma ce a'a ba, wanda ya san Umma yasan wannan ma ba ƙaramin samu bane.

Daren ranar na baje takardun a tabur. Shafukan farko ba wahala, suna, ranar haihuwa, makarantun da nayi, inda nake aiki, sai duk adireshin da na taɓa zama cikin shekarun baya ba tsallake ko ɗaya, sai tambayoyin lafiya, ido da kunne da hawan jini, sai mutum biyu da zasu tsaya min waɗanda ba 'yan uwana ba. Akwai tambayar bashi ma, ko ana bina wanda na kasa biya. Duk na wuce su da sauri ina jin daɗi.

Sai nazo shafi na bakwai, nan biro ya tsaya. Suna son sunan iyaye da 'yan uwa na jini da duk wanda muke kwana gida ɗaya, a ƙasa kuma ga tambaya, shin a cikinsu akwai wanda kotu ta taɓa samu da laifi, in akwai a faɗi laifin da shekarar.

Waɗanda suke bin labarin nan tun kashi na 4 sun san ƙanena Auta. Yana da shekara 19 aka kama shi da wayar sata da ya saya a hannun abokai, yasan ta sata ce, bai musa ba, yayi wata shida. Tunda ya fito ba wanda ya ƙara tada zancen a gidanmu, ko da wasa, kamar an binne shi. Yanzu ga akwati ɗan ƙarami a takarda yana jira in tono. Wallahi bazan ɓoye muku ba zuciyata ta raya min in rubuta babu, nace shekara takwas fa, wa zai bi diddigi, kuma ai ba ni nayi ba, me yasa zan ɗauki sunan ƙanena in kai wa 'yan sanda da hannuna bayan yaron ya gyara rayuwarsa. Har na ɗora biro akan wajen. Na tashi na zagaya ɗaki na dawo na zauna, har ƙarfe biyun dare ban rubuta komai ba.

Washegari na kira direban nan, don ya bani lambarsa tun ranar. Ban faɗa masa ko waye ba, nace dai wani nawa. Yace malam ka saurare ni, binciken nan da gaske ake yinsa, zasu gani ko ka rubuta ko baka rubuta ba, laifin ɗan uwanka ba lallai ya hana a ɗauke ka ba amma ɓoyewar ita ce take kada mutum. Yace ka duba fa, ranar da ka sa kayan nan zaka san inda za'a je sintiri, zaka ji sunan wanda ake nema, zaka shiga gidajen mutane a ranar da suka fi kowa rauni, to mutumin da yake da sirrin da yake tsoro ko bashin da ya shaƙe shi ai da sauƙi wani ya murɗe shi. Ni kam na gamsu da wannan, har yau kuma ina ganin daidai ne a tambaya, duk da zafin da tambayar take dashi. Amma gamsuwa daban, kallon idon Auta daban.

Da yamma na same shi a wajen aikinsa na kafinta, yana goge wata ƙofa, garin katako duk a girarsa da gashinsa, fensir a maƙale a kunne. Na daɗe ina kewaye-kewaye ina tambayar aiki kafin na fito da takardar na nuna masa layin da yatsa. Ya karanta a hankali, lebensa na motsi. Nace in baka so wallahi na fasa, ba dole bane, ba abinda zan rasa. Ya ɗan yi shiru yana kallon ƙasa sannan yace "Yaya rubuta mana. Ai nayi, kuma na biya." Ya zaro fensirin daga kunnensa ya ɗauki wani guntun katako ya rubuta min wata da shekarar da aka yanke hukuncin, yace kar ka yi kuskure a kwanan su ɗauka ƙarya kake. Guntun katakon nan yana cikin durowata har yanzu. Da zan tafi ya biyo ni bakin ƙofa yace "Yaya in sun ɗauke ka, in ka kama yaro irina, ka dai kira iyayensa da wuri. Mu kwana biyu Umma bata san inda nake ba." Ban iya bashi amsa ba, kai kawai na gyaɗa na wuce don idona ya ciko.

A daren na cike shafin tas, na sa hannu, na haɗa da hoton fasfo da kwafin satifiket na kai. Sati biyu bayan nan aka kira ni wai ba'a ga takardar likitana ba alhali da hannuna na miƙa ta, raina ya ɓaci amma na sake komawa asibiti na bi layi na karɓo wata. Daga nan sai jira. Na auna mita 15 da igiya a filin makaranta ina gudu tsakanin layi biyu kullum bayan an tashi yara saboda gwajin ƙarfi da akace yana tafe, ɗalibaina har sun fara tsayawa suna ƙirga min.

Sati bakwai cif sannan saƙo ya shigo wayata, intabiyu ranar Talata ƙarfe goma. Umma bata ce komai ba amma da na fito da safe na tarar ta goge min riga ta rataye a ƙofa. Mutum uku ne a ɗakin, sifeto a tsakiya, fayil ɗina a gabansa. Bayan gaisuwa bai tambaye ni makaranta ba, bai tambaye ni dalilin da yasa nake son aikin ba, ya lashi yatsa ya buɗe shafuka har ya kai na bakwai, ya juyo da fayil ɗin ya fuskance ni yace "Malam, bamu labarin wannan ƙanen naka."

Nan zan tsaya, hannuna ya gaji. Sai sati mai zuwa in Allah ya kaimu.