Amsar da Maryamu ta bayar

Jama'ar zumuntar mata na Sakkwato, karatun Luka 1:26-38 da aka yi ran Lahadi, inda mala'ika Jibra'ilu ya gaya wa Maryamu za ta yi ciki ta haifi Yesu, yana bukatar ƙarin bayani. Mun saba gudu mu kai ga amsarta ta "na yarda", mu tsallake hatsarin da ke ciki. Maryamu tana da tashi da Yusufu, ba a ɗaura aure ba. Ciki a wannan hali, bisa Kubawar Shari'a 22:23-24, na iya kai budurwa ga jifa. Duk da haka sai da ta tambayi Jibra'ilu yadda abin zai yiwu, sannan ta amsa. Tambayar nan ba rashin bangaskiya ba ce, a ganina.

Bayan kwana 40 da haihuwar Yesu, Maryamu da Yusufu suka je Haikali da kurciyoyi biyu, hadayar da Shari'ar Musa ta yarje wa wanda bai da kuɗin rago. Talakawa ne, ke nan. A nan Saminu, wani adali mai tsoron Allah, ya ce mata takobi zai soki zuciyarta.

Inda ake yawan kuskure a koyarwa: wasu su ɗaga ta har ta zama mai ceto, wasu kuma su ƙi ambatonta saboda gudun a ce musu Katolika. Majalisar Afisa, taron shugabannin Ikilisiya na shekara ta 431, ta kira ta Uwar Allah ne don kāre koyarwa a kan Yesu.