Ƙafa a Landan, hankali a Wunti

Ranar da na gaya wa Inna a waya cewa na fara gudu, shiru ta yi, can ta ce, "Ɗan nan, wa ya biyo ka?" Ban ga laifinta ba. A Bauchi magidanci da gemunsa ba ya sheƙa gudu a titi haka kawai, in ka cire sojojin Shadawanka da 'yan ƙwallon Wikki.

Hunturun farko a Landan ya gasa mini aya a hannu. A watan Disamba kafin ƙarfe huɗu an yi magariba. Ga aikin dare a gidan kula da tsofaffi, ga kuɗin haya, kaina kullum yana juya fam zuwa naira, bakina kuma yana haɗa Turanci kafin ya saki. Barci ya ƙaurace. Wata abokiyar aikina 'yar Ghana ce ta ja ni parkrun, gudun kilomita 5 da ake yi kyauta duk Asabar da ƙarfe 9 na safe. A nan Landan aka fara shi a 2004, da mutum 13 kacal. Tsoffi masu furfura suka yi ta wuce ni, ina haki kamar wanda ya tura mota.

Daga baya na koma yi ni kaɗai a bakin ruwa, bayan na tashi daga aiki. Minti goman farko azaba ce: ƙirji na zafi, hanci na yoyo, yatsu sun ƙandare. Amma da numfashi ya daidaita da taku, sai lissafin nan ya mutu murus. Ba ni nake zaɓar inda zan nufa ba. Sai dai in tsinci kaina a Wunti da sassafe, mai masa tana juya ta a tanda, gefen ya yi ja, mai yana tartsatsi, yaro ya miƙo kwanon miyar taushe. In bi ta Ƙofar Ran, in shiga zaurenmu, in tarar da buzun Baba a jingine inda ya bar shi. Wata rana gardamar da muka yi da shi kan tafiyar nan ce ta dawo mini tiryan-tiryan, har da amsar da ban ba shi ba kafin ya rasu. Na ƙarasa gudun da hawaye, sanyi ya rufa mini asiri.

Abin da na lura, a wannan sa'ar ce kaɗai nake tunani da Hausa zalla. Shi ya sa na daina toshe kunne da waƙa. Ran nan saura ƙiris in yi karo da mai keke, bakina ya suɓuce na ce, "Yi haƙuri, malam!" Baturen ya ɗaga mini hannu ya wuce.

Na ba Inna labari ta yi ta dariya. Yanzu duk Asabar in na kira, bayan gaisuwa sai ta ce, "To, yau ka leƙo mu, ko a Wunti ka tsaya?"